Hannun Shekarau Wanzami

An yi isha'i, an ci tuwo, an kwashe kwanuka. Muna zube a kan tabarma a tsakar gidan kakarmu, ni da ƙannena da 'ya'yan gwaggo. Yaya Barau, ɗan baffanmu wanda ya girme mu duka, ya jingina da turmi ya miƙe ƙafa.

"Ku matso," ya ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini. Abu ne da ya faru a garin nan."

Muka matsa har gwiwoyinmu na gugar juna. Ya yi ƙasa da murya, ya fara.

Sunansa Shekarau. Wanzami ne, kuma gado ya yi. Hannunsa shi ne arzikinsa. In ya ɗora maka aska a ƙeya, gyangyaɗi za ka fara. Masu jego na ƙauyukan nan ba sa yarda kowa ya aske musu jariri sai shi, don a hannunsa yaro ko kuka ba ya yi.

Wata rana da bazara aka aiko masa daga Tungar Mati, akwai suna. Da safen ya yi wani sunan a nan cikin gari, sai ya makara. Bai rataya zabirarsa ba sai da rana ta take.

Matarsa Hansai ta biyo shi har zaure da 'yarsu Tabawa a goye.

"Malam, ka bari rana ta yi sanyi mana."

"Jariri na jira," ya ce.

Babbar hanya ta yi zagaye da yawa. Sai ya yanke ta Kwarin Ɗinya. Kun san wurin. Busasshen rafi ne, yashi fari fat, gaɓa ta tashi hagu da dama. In ka sauka ciki ba ka hango kowa, ba mai hango ka.

Ya sauka. Yashi na ƙona masa ƙafa ta cikin takalmi. Ba iska. Ba tsuntsu. Ko kurciya babu. Sai ƙarar takunsa kawai.

Da ya iso gindin ɗinyar nan, sai ga wani tsoho zaune a kan saiwa. Farar riga a jikinsa, ba ɗigon datti. Gashin kansa ya cukurkuɗe ya sauko har kafaɗa. Ƙafafunsa kuwa binne suke a cikin yashi har idon sawu. Yashin nan da za a iya soya gyaɗa a cikinsa.

Shekarau ya yi sallama.

Tsohon bai amsa sallamar ba. Leɓɓansa suka motsa. Shiru. Sai daga baya maganar ta iso.

"Wanzam. Ka zo."

Shekarau ya ɗauka zafin rana ne ya toshe masa kunne.

"Sannu, Baba. Wucewa zan yi."

"Ka taimaka ka sauke mini gashin nan. Ya yi mini nauyi."

"Sauri nake, Baba. Ana jirana a gidan suna."

"Kowa sauri yake. Na daɗe a nan."

Yana rufe baki, kafaɗarsa ta dama ta yi sama. Fizga ɗaya, kamar an ja ta da igiya. Ta dawo. Jim kaɗan kansa ya fizgu gefe guda. Fuskarsa kuwa ba ta canja ba. Idonsa na kan Shekarau.

"Ka gani?" tsohon ya ce. "Shi ya sa ba mai yarda. Kowa tsoro yake kada ya yanke ni."

Tausayi ya kama Shekarau. Da ɗan jin kai irin na gwani kuma.

"Ni ban taɓa yankan kowa ba," ya ce.

Ya sauke zabira. Ya wasa aska. Ya tsiyayi ruwa daga gorarsa a tafin hannu, ya zuba a kan tsohon, ya shafa.

Kan nan sanyi ƙalau. Kamar gindin randa.

Tafinsa na sauka, fizgar ta tsaya. Tsohon ya saki wani dogon numfashi, ya lumshe ido.

Shekarau ya fara aski. Aska na tafiya sumul. Gashi na zuba. Sai da ya kai rabi ya duba ƙasa don kada ya taka. Babu gashi. Ko sili ɗaya. Yana ganin zubarsa daga bakin aska, amma ba ya kaiwa yashi.

Ya so ya yi addu'a. Harshensa ya yi nauyi a baki. Ya so ya tsaya. Ya ga tsayawar ta fi ci gaban ban tsoro. Haka ya ƙarasa, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Tsohon ya shafa ƙwalƙwalin kansa. Ya miƙe hannayensa biyu a gabansa, ya daɗe yana kallonsu. Ba motsi. Bakinsa ya buɗe alamar dariya. Dariyar kuwa daga bayan Shekarau ta fito.

"Ba ni da abin ba ka, Wanzam. Amma ai ka riga ka karɓa."

Ya zaro ƙafafunsa daga yashi. Dunduniya a gaba. Yatsu a baya.

Ƙanwata ta ƙanƙame hannuna. "Yaya, ya gudu?" ta tambaya.

"Ya gudu," Yaya Barau ya ce. "Bai waiwaya ba sai da ya hango dannin Tungar Mati."

Bai gaya wa kowa ba. Aka ba shi ruwa ya sha. Ya duba hannunsa, lafiya lau. Ya ce a ransa ya tsira.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin mai jego. Gwaggon jaririn ta zauna da shi a cinya, naɗe cikin farin zane. Mata sun yi da'ira, ana guɗa. Shekarau ya jiƙa kan yaro, ya yi bismilla, ya ɗora aska. Ya aske gefe ɗaya tsaf. Ya hauro saman kai, wurin nan mai laushi da ke bugawa.

Sai hannunsa ya tafi.

Ba shi ya tura shi ba. Idonsa biyu, hankalinsa ɗaya, yana kallo. Hannun ya fizge daga gwiwa kamar an harbe shi. Askar ta wuce kan jaririn da ƙyar, ta tsarge bayan hannun gwaggon. Jini ya tsartu a kan farin zanen.

Guɗa ta koma salati. Mai jego ta fito da gudu ta fizge ɗanta. Uban yaron ya shigo daga zaure.

"Me ka yi haka, Wanzam?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne? Hannun wa na gani?"

Shekarau ya kalli hannun. Yana nan kwance a cinyarsa, kamar bai san komai ba. Ya mayar da aska cikin zabira. Aka bar jariri da rabin aski. Ya dawo gida ta babbar hanya, ya damƙe hannun dama da na hagu.

Daga ranar abin bai sake barinsa ba.

Ku fahimta, ba karkarwa ba ce irin ta tsofaffi. Ba kuma farfaɗiya ba ce, don bai taɓa faɗuwa ba, bai taɓa fita hayyacinsa ba. Da ma zai fita, da ya huta. Yana zaune lafiya, ana hira, sai fiz! Hannu ya tashi. Ko kafaɗa. Ko wuya. Fizgar ba ta sallama. Wani lokaci ta yi shiru tun safe har azahar, har ya fara sa rai. Sai ta dawo a jere.

Ya ɗauki ludayin koko, kafin ya kai baki ya watsa a bango. Yana tafiya, ƙafa ta harba, ya durƙushe a tsakar titi. A masallaci, ana tsaye cikin sahu, gwiwar hannunsa ta daki bakin wani dattijo har leɓe ya fashe. Ya koma ƙarshen sahu. Daga baya ya koma salla a ɗaki.

Hansai ta yagi gefen tsohon zane ta ɗaure masa hannun a ƙugu. Sai fizgar ta koma ɗaya hannun. Ta ɗaure duka biyun. Sai ta koma wuya, kansa ya bugi garu.

"Kwance ni," ya ce. "Ba inda za ki ɗaure ta."

Abin da ya fi cin ransa Tabawa ce. Lokacin ta fara tafiya. Ta kan taho tana tangaɗi, ta ɗaga masa hannu, tana so ya ɗauke ta. Shi kuwa sai ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

"Hansai, zo ki ɗauke ta."

"Malam, gurinka take so."

"Na sani. Ɗauke ta."

An nemi magani. An sha rubutu har aka rasa ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba. An yi hayaƙi, an yi turare, an yi wanka da saiwoyi. Ƙaninsa Ilu, wanda shi ma wanzami ne, ya kai shi babban asibiti a birni. Likita ya bubbuga masa gwiwa, ya haska masa ido, ya ɗebi jini. Ya ce jijiyoyi ne ke harbawa da kansu. Ya ce wani ana gano dalilin nasa, wani ba a ganowa. Ya ba shi ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka sa shi barci da kasala. Fizgar ta ɗan lafa, sannan ta dawo yadda take.

Damina ta zo ta wuce. Ba mai kiransa aski. Zabirarsa ta yi ƙura a jikin ƙusa. Gashinsa ya taru, don bai ko damu da kansa ba.

Da rafin ya sake bushewa, wata rana da tsakar rana, ya saci jiki ya fita. Ya nufi Kwarin Ɗinya shi kaɗai.

Tsohon na nan a kan saiwar. Kansa fes, kamar jiya aka aske. Allura ce a hannunsa, yana zura mata zare. Ya zura, ya zare, ya sake zurawa.

"Ka ga abin da na daɗe ban yi ba," ya ce. Maganar ta iso a makare, kamar wancan karon.

Shekarau ya durƙusa a yashin. Kafaɗarsa na tashi tana sauka.

"Baba, don Allah ka karɓi kayanka."

"Ba nawa ba ne. Ni ma ba ni aka yi."

"Me na yi maka?"

"Alheri."

"Ina da 'ya ƙarama. Ban isa in ɗauke ta ba."

Tsohon bai ɗago ba. Ya sake zura zaren.

"Yaya zan rabu da ita?" Shekarau ya ce.

"Yadda na rabu da ita. Wani ya zuba maka ruwa a ka da hannunsa, ya shafa. Shi ke nan. Ta koma kansa."

"Babu wata hanyar?"

"Da akwai, da ban zauna a nan ba." Sai a lokacin ya ɗago ya dube shi. "Gashinka ya yi yawa, Wanzam. Ka nemi mai aski."

Shekarau ya sunkuyar da kai yana kuka. Da ya ɗago, ba kowa a kan saiwar.

Ya iso gida bayan la'asar. Ya tarar da Ilu a zaure yana jiransa, da zabira a gefe.

"Yaya, ina ka shiga? Dubi kanka, kamar wanda ba shi da dangi. Mutane na zagina. Zauna in rage maka."

Shekarau ya tsaya. Ya dubi hannayen ƙaninsa. Hannaye lafiyayyu, a natse.

Ya zauna.

Ni dai haka aka gaya mini. Ya zauna, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Ya san abin da yake yi. Ya san Ilu na da mata da yara ƙanana, kuma da askar nan yake ciyar da su. Amma ya gaji. Ya tuna ludayin koko. Ya tuna hannun Tabawa a ɗage.

Ilu ya jawo 'yar ƙwaryar ruwa. Ya tsoma hannu. Ya ɗebo a tafi. Ya kawo saman kan yayansa.

Hannun Shekarau ya tashi ya kaɗe na Ilu. Ruwan ya watse a bango, ƙwaryar ta kife.

"Subhanallahi! Abin ne ya motsa?" Ilu ya ce.

Shekarau ya dubi hannunsa. Har ya bar duniya bai sani ba. Ko shi ne ya kaɗe, ko fizgar ce. Ya sha faɗa wa Hansai cewa wannan rashin sanin ya fi ciwon damunsa.

Ya mayar da hularsa. Ya kira Hansai zauren. A gabanta da Ilu ya kwashe labarin duka ya faɗa, tun daga tsohon da ƙafafunsa.

"Daga yau," ya ce, "kada wanda ya kusanci kaina da ruwa. Ko na roƙa. Musamman in na roƙa."

Ilu ya daɗe yana kallon tafinsa da ke jiƙe. Ya goge a riga.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Wanzamin gari, gashi har gadon baya, yana tufke shi cikin rawani. Yara na tsoronsa. Tabawa ta girma ba ta san cinyar ubanta ba. Hansai ce ke ba shi abinci a baki. Ita ta riƙe gidan da sana'ar daddawa.

Ya roƙa kuwa. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi, kansa kamar garwashi. Ya riƙa kiran sunanta.

"Hansai, ruwa kaɗan. A goshi kawai. Ki taimake ni."

Ta zauna a bakin ƙofa da ƙwarya a cinya tana hawaye. Ba ta matsa ba. Da ya warke ya yi mata godiya.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ya cika da hantsi. Hansai ta rufe masa ido, ta ja zane ta lulluɓe shi. Aka sanar. Liman ya zo da masu wanka, maza suka cika ƙofar gida.

Suna shiga ɗakin, zanen ya motsa.

Kafaɗa ce. Ta tashi, ta sauka.

Aka ja da baya. Liman ya yi ta maza ya taɓa wuyansa, ya kara kunne a ƙirji. Ba numfashi. Jiki ya yi sanyi. Suna tsaye, ƙafa ta harba a ƙarƙashin zanen.

Aka ce a jira. Aka jira har azahar. Aka jira har la'asar. Gawa ta sandare, amma fizgar ba ta fasa ba. Duk garin an san labarin ruwan nan, don haka ba wanda ya miƙa hannu. Wani ya ce a kwarara ruwa daga nesa, a naɗe shi haka nan, a kai shi.

Hansai ta fito daga cikin mata.

"Haka za ku sa shi a rami? Yana fizga shi kaɗai a cikin duhu?"

Ta bi mazan da kallo.

"Ya wahala a sama. A ƙasa ma ba zai kwanta ba?"

Ilu ya naɗe hannun riga. "Ni zan yi. Yayana ne."

"A'a," ta ce. "Ya hana kansa sauƙi don ya bar maka hannunka. Ba za ka mayar da wahalarsa banza ba."

Ta juya wurin liman. "Malam, ya halatta mace ta wanke mijinta?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Ya halatta. Amma Hansai..."

"To ku ba ni wuri."

Ta shiga da ruwa. Ta zauna ta wajen kansa. Ta warware rawanin a hankali. Gashin ya zubo, duk ya yi furfura. Ita ba ta ma san ya yi furfura haka ba.

Ta yi bismilla. Ta ɗebi ruwa a tafinta, ta zuba, ta shafa.

Jikin ya saki. Ya kwanta lum, kamar yaron da aka lallashe.

Matan da suka leƙa sun ce ba ta ɗauke hannunta ba. Ta yi ta shafa kan, tana tsefe gashin da yatsu, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sun ji ta ce, "Malam, na yi kewar kan nan." Ta gama wankan tsaf. Ta miƙe ta ɗauki ƙwaryar za ta fita.

A bakin ƙofa ƙwaryar ta tashi daga hannunta ta daki bango.

Nan Yaya Barau ya dasa aya. Ba a jin komai sai tuƙar akuya a bayan rumbu.

Ɗan gwaggo ne ya fara magana, da ƙyar. "Yaya, Iya Hansai ta bayan masallaci? Wadda ke zama a kan hannayenta?"

"Ita."

"Mun ɗauka tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne."

Ƙanwata ta ɗago daga jikina. "To in ta mutu, wa zai wanke ta?"

Yaya Barau ya dube ta.

"Tabawa ta ce ita za ta yi. Iya Hansai ta ce in ta yi ba ta yafe mata nononta ba. Tabawa ta ce ko ba ta yafe ba sai ta yi. Har yau ba su gama wannan maganar ba."

Ya tattara ƙafafunsa zai tashi, sai ya sake dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ji ni da kyau. Kwarin Ɗinya ba hanyar mutum ɗaya ba ce, ko da rana tsaka. In an aike ku Tungar Mati, ku bi babbar hanya, ko kun makara. In kuma kuka tarar da wani zaune a gindin itace, ya ce ku taimaka ku jiƙa masa kai, kada ku dubi fuskarsa. Fuskar tausayi za ta ba ku. Ku nemi ƙafafunsa. In ba ku gan su ba, ku wuce."